Likkafanin Baba a Akwatin Soja

Mutanen Sabha Muhandis suke kiransa, mu 'yan ci-rani muna ce masa Injiniya, mahaifina kaɗai ne yake kiransa Soja. Bara ya rasu. Duk wanda ya san shi, in ka taɓo maganarsa, da alherinsa zai fara, kuma ba zan ƙaryata ko ɗaya ba. Amma ni abin da na fi tunawa shi ne shekarun da na yi ina kishinsa, kishi irin mai hana mutum jin daɗin abinci. Ba a kan mace ba, ba a kan aiki ba. A kan ubana ne.

Mu mutanen Damagaram ne. Baba ya riga ni zuwa Libiya da shekaru masu yawa, yana gadin wata babbar gonar dabino a Ghuddwa, kudu da Sabha. Na biyo shi bayan rasuwar Inna, ina da shekara talatin da 'yan kai, ba sana'a a hannuna sai ƙarfi. Shi ne ya kai ni wurin Injiniya, wanda yake kula da injinan ban ruwa na gonakin wannan yanki. Ya ce masa, "Soja, ga shi nan. In ya yi, ya yi. In bai yi ba, ka gaya mini gaskiya." A gabana ya faɗa, kamar ana cinikin jaki.

Injiniya Kirista ne daga duwatsun Filato a Najeriya, gajere, mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu ba ya ji. Ya yi aikin soja tun yana saurayi, a ɓangaren masu gina gada da tono nakiya, har aka tura su yaƙi a wata ƙasa. A can ya baro kunnen. Bai cika maganar yaƙin ba. Sau ɗaya na ji ya ce abin da ya fi masa nauyi a duk aikin soja shi ne ranar da ya kai wa wata tsohuwa agogon ɗanta da takalmansa, ta tambaye shi ina sauran. Daga nan ya ci gaba da goge sifana.

Yadda yake aiki kuwa sai ya ƙure haƙurin mai gaggawa irina. Kafin ya taɓa inji sai ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya yi addu'a a hankali. Sannan ya shimfiɗa tsumma a ƙasa ya jera kayan aiki daga ƙarami zuwa babba. Sannan ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa mai ji, ya rufe ido. Ni ina tsaye rana tana dukana, ruwa bai hau ba, mai gona yana ta kiran salula, shi yana sauraro. In ya ɗago ya ce, "Wani ƙarfe ya fara cinyewa a ƙasa, kwana goma ya rage masa," to ka ƙirga kwana goma. Duk abin da nake ci da shi yau a hannunsa na koya, kuma bai taɓa ɓoye mini komai ba. Wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi.

A ƙasar nan Juma'a ce ranar hutu, Lahadi kowa yana bakin aiki. Shi sai ya daidaita da masu gonaki: zai riƙe musu injuna ranar Juma'a, kowa ya tafi masallaci hankali kwance, su bar masa Lahadinsa. Ko wuta ce ta tashi ranar Lahadi, sai ta jira shi ya gama sujada. A falon gidansa da ke unguwar Sukra a Sabha suke yi, shi da matarsa da muke kira Mama, da 'yan matansu biyu, da wasu iyalai uku ko huɗu. Su saki labule, su rera waƙoƙinsu da Hausa can ƙasa-ƙasa, ba ganga ba tafi. Maƙwabta sun sani, ba wanda ya damu, don rabin unguwar shi ke gyara musu famfo.

Da Mama kuwa, kwano ɗaya suke ci, bayan shekara talatin da aure. Na taɓa samunsa yana wanke tukwane ya ɗaura zani a kan wando, ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Ƙanena, Mama ya gaji yau." Hausarsa ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, kuma ya ƙi gyaruwa duk tsiyar da nake masa. Manyan 'ya'yansa biyu suna karatu a gida Najeriya, kullum da safe sai ya kira su sun yi addu'a tare kafin ya tada mota. Ni da nake ganin iyalina sau ɗaya a shekara biyu, ina kallon wannan ina haɗiyar yawu. Amma wannan ƙaramin kishi ne, yana zuwa yana wucewa.

Babban kishin yana Ghuddwa, a gindin dabinon da ke bakin ɗakin gadi. Duk ranar da aiki ya kai mu can, bayan la'asar Baba zai hura gawayi ya ɗora shayi irin na mutanen nan, mai kumfa, zagaye uku, na ƙarshe da gyaɗa a ciki. Su zauna su biyu a tabarma, Baba ta wajen kunnen da ke ji. In lokacin salla ya yi, Injiniya ya sauke butar daga wuta don kar ta ƙone, ya zauna shiru har Baba ya sallame. Ni ban san Baba yana dariya har haƙoransa su fito ba sai a tabarmar nan. Mutumin da na tashi ina jin tsoron tarinsa, ga shi yana dukan cinya saboda wani labarin sajan da akuya. In na matso, sai a miƙo mini kofi, hira ta koma maganar mai da bututu. Sau da yawa bayan mun tashi Baba yakan bi motar da kallo ya ce, "Mutumin nan salla kawai ta rage masa." Ni da nake yin sallar, ban taɓa jin an ce ga abin da ya rage mini ba, balle a ce kaɗan ne.

Don Allah kar a ɗauka Baba azzalumi ne. Ina da nawa. Sau biyu ina tafiya Tarabulus ba sallama, da niyyar tsallaka ruwa zuwa Turai, ina dawowa da kunya. A Manshiya kuwa, unguwar da nake zaune a Sabha, na canja ɗaki ya fi sau shida. Shekarar da aka yi ta harbe-harbe a cikin gari, na fita da gudu daga ɗakin da nake haya, na bar jakar da Baba ya ba ni ajiya. Takardunsa suna ciki, da hoton Inna, wanda shi kaɗai ne muke da shi a duniya. Da ƙura ta lafa na koma, ko ƙofar ɗakin babu. A wannan makon ne Injiniya ya ratsa shingayen 'yan bindiga ya kai wa Baba maganin hawan jininsa. Da na gaya wa Baba maganar jakar bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye gaba." Tun daga ranar ko allura bai sake ba ni in riƙe masa ba.

Wata Talata da hantsi Injiniya ya aike ni gidansa in karɓo littafin wani inji. Mama ta ce yana cikin akwatin soja, ta jawo shi daga ƙarƙashin gado. Tsohon akwatin ƙarfe ne kore, da lambarsa a jiki da farin fenti. Tana buɗewa ƙamshin kafur ya bugo ni. A sama da komai akwai wani farin ƙunshi a cikin leda, an ɗaure shi da koren zare. Mama ba ta taɓa shi ba sai da ta je ta wanke hannu, ta ɗauke shi da hannu biyu ta ɗora a kan matashi, sannan ta shiga neman littafin.

Ba sai an gaya mini ba. Na san ɗaurin zaren nan, Inna ce ta yi shi. Likkafanin Baba ne, wanda ya sayo a Makka sau ɗayan da Allah ya kai shi, ya jiƙa shi da ruwan zamzam ya shanya a can. Tun ina yaro nake ganinsa a saman kayan Baba, an hana mu ko nuna shi da yatsa. A jikin ledar an manna takarda da rubutun Injiniya mai kyau kamar na maɗaba'a: Ajiyar Baba.

Na ce, "Mama, wannan fa?"

Ta ce, "Ai shekara bakwai ke nan yana wurinmu. Oga har kakinsa ya fitar daga akwatin don ya sami wuri. Ba ka sani ba?"

Na ce na sani. Na karɓi littafin na fita.

Washegari na sami Baba yana gyaran rariyar ruwa a tsakanin dabinai. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baba, ashe likkafaninka yana gidan Injiniya?"

"Wa ya gaya maka?"

"Na gani da idona."

"To, ka gani."

"Ni ba ɗanka ba ne?"

Ya dogara da fartanyarsa ya dube ni. "Ɗana ne kai. In kana kusa, kai za ka wanke ni. Amma ranar da na mutu ba na son a ajiye ni a rana ana cigiyar garin da kake, balle ɗakin da ka baro kayana."

Ya koma kan rariyarsa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

Na koma kan Injiniya. A mota na tare shi, muna hanyar komawa Sabha. Na ce abin nan na Musulmi ne, na gida ne, ya kamata a ce yana hannuna. Ya saurara har na gama, idonsa a kan hanya. Sannan ya ce, "Ƙanena, ka yi gaskiya, kai ne ɗa. Amma Baba ne ya ba ni. In ya ce in ba ka, yau ɗin nan zan ba ka. In bai ce ba, ko janar ne ya zo ba zan ba shi ba." Ya miƙo mini dabino daga aljihun ƙofa. Na ƙi karɓa.

Abin da na yi bayan nan ban taɓa faɗa wa kowa shi yadda yake ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan ƙasarmu sukan taru a rumfar wani mai shayi a Manshiya, magina da 'yan dako da masu gareji. Akwai wani dattijon malami da yake zama tare da mu. Na gyara murya, na yi fuskar mai neman sani, na ce, "Malam, ya halatta likkafanin Musulmi, wanda aka jiƙa da zamzam, ya kwana shekara bakwai a gidan da ake sujadar Kirista duk Lahadi?" Ban ambaci suna ba. Ba na bukata, kowa a rumfar ya san ɗan wa ne ni kuma yaron wa ne ni.

Malamin ya daɗe yana kallona. Ya ce ajiya amana ce, kuma yadi ba ya ɗaukar addinin akwati. Ya so ya kashe maganar a nan. Amma ni ba don shi na yi tambayar ba, don sauran kunnuwan na yi ta, kuma sun ji. Wani ya ce, au, ashe coci aka buɗe a Sukra? Wani ya ce shi dama ya daɗe yana ganin motoci a ƙofar gidan. Na zauna ina shan shayina, zuciyata fari ƙal. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba.

Ni abin da na zata, za a ɗan yi surutu, Baba ya ji kunya ya karɓo abinsa. Ban lissafa da cewa magana a garin nan ba ta tsayawa a bakin Bahaushe ba. Kafin mako biyu ta shiga Larabci. Mai gidan da Injiniya yake haya ya zo ya ce ba ya son taron baƙi a gidansa. Wasu da ba a san su ba suka tsaya da mota a ƙofar wata Lahadi, ba su ce komai ba, suka tafi. Iyalan nan da suke zuwa suka daina zuwa. 'Yan matan suka daina fita ko shago. Mama, da take tarbata da ruwan sanyi da tsokana, ta koma gaishe ni daga bayan labule.

Ran nan da yamma muna Ghuddwa, Baba ya ɗora shayi, sai Injiniya ya tashi ya je mota. Ya dawo da ƙunshin a hannu biyu, ya durƙusa gaban Baba duk da ciwon gwiwar da yake fama da shi.

"Baba, ba don na gaji ba. Gidana ne yanzu ba tabbas. In wani abu ya faru, ba na so ya shafi kayanka."

Baba bai miƙa hannu ba. Bai tambayi me ya faru ba, labari ya riga ya iso shi. Ya nuna ni da haɓa, ba tare da ya dube ni ba.

"Ba shi. Shi yake so."

Na karɓa. Abin da nake ta ƙuna a kansa, ashe ko nauyin burodi biyu bai kai ba. Ina jiran Injiniya ya zage ni, ko ya yi mini kallon da zan riƙe in ce ai shi ma ga halinsa. Sai cewa ya yi, "Ƙanena, duk wata uku ka fito da shi ya sha iska a inuwa, ka canja kafur. Kar ka ajiye shi a ƙasa, gara tana da yawa a Manshiya." Ya koma tabarma ya zauna. Shayin ranar ba wanda ya kai zagaye na uku.

Wata biyar bayan haka suka tattara suka koma gida. Ya gaya wa masu gonaki shekaru ne suka ja, yana so ya ga jikokinsa. Su kuma suka tambaye shi wa zai riƙe musu injuna, ya ce ni, ya ce hannuna ya fi nasa sauri. Ya bar mini kayan aikinsa duka, har tsumman. A tasha ya rungume ni, ya ce zai riƙa sa ni a addu'a. Na san kuma zai yi, kullum da safe, da sunana. Mama dai ba ta dube ni ba, kuma ita ce na fi ganin ta yi mini adalci.

Na sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu. Na ɗora shi a kan bulo. Shekara biyar ke nan ban canja ɗaki ba, ban kwana a wajen Sabha da Ghuddwa ba, ko da aka yi bikin ƙanwata a gida ban je ba. Duk wata uku ina fito da likkafanin ya sha iska. Duk Juma'a kuma bayan masallaci ina tafiya wurin Baba da sukari da ganyen shayi. Ƙarfinsa ya ragu, gadin ma yanzu suna ne kawai, mai gonar ya bar masa ɗakin don mutunci. Muna gaisawa, ya tambayi aiki, ya tambayi yara. Kafin in tashi sai ya ce, "Yana nan?" In ce, "Yana nan, Baba." Ya gyaɗa kai. Da farko daɗi nake ji, ina ganin ga shi yau ni ake tambaya.

Bara da damina ta can gida, babbar 'yar Injiniya ta kira ni. Ta ce babansu ya tafi wurin Ubangiji. Ya je duba rijiyar burtsatsen ƙauyensu da ta lalace, ya gyara, ruwa ya hau, ya zauna a gindin mangwaro ya ce bari ya ɗan huta. Ta ce an cika coci har waje, tsofaffin sojoji sun zo da kakinsu, limamin garin ma ya zo. Ta ce ya bar saƙo tun da daɗewa cewa in ta faru a sanar da Baban Ghuddwa da ni ƙanensa.

Ni na kai wa Baba labarin. Ya yi salati, ya juya fuskarsa ga bango. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Na tsaya a bakin ƙofa, hawaye suna zubo mini na gaske, don mutumin nan ya yi mini abin da ɗan'uwa bai yi mini ba. Amma a ƙarƙashin hawayen, Allah ya yafe mini, tambayar da nake yi ita ce: in ni ne, zai juya ga bango haka?

Juma'ar da ta biyo baya na je kamar kullum. Ni na haɗa shayin. Da na miƙe ina neman takalmana sai ya ce, "Yana nan?"

Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba.

"Baba, shekara huɗu ke nan. Ko Juma'a ɗaya ba ka fasa tambayata ba. Shi da ya riƙe shekara bakwai, sau nawa ka tambaye shi?"

Ya ɗago ya dube ni da jajayen idanunsa. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne kawai, kamar na tambaye shi abin da kowa ya sani.

Ya ce, "Soja? Ai shi ba a tambayarsa."